Rabon ganima a gem: Inda abokai ke ɓatawa

DUK wanda ya saba zama a shagunan cajin waya na Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san yanayin: samari sun haɗa kai, kowa ya duƙufa kan wayar sa, su na buga Free Fire ko PUBG Mobile. Mutum huɗu ke haɗa runduna ɗaya. Lafiya lau ake tafiya har jirgi ya jefo akwatin nan mai jan hayaƙi, wanda a PUBG a cikin sa ake samun bindigar AWM da hular kwano mai daraja ta uku. To fa! Wani ya tsaya ya na kare bayan 'yan'uwa, wani ya na tayar da wanda aka kayar, na uku kuma ya lallaɓa ya kwashe kayan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan rigima ta girmi wayoyin da ake yin ta a kan su. Asalin ta na cikin manyan wasannin intanet na kwamfuta, inda kowa ke rainon jarumin sa na tsawon watanni, kamar yadda ɗan wasa ke riƙe rol ɗin sa a fim mai dogon zango. A World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, akwai kogon da sai mutum 40 sun taru kafin su iya kayar da dodon ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma bayan awoyi ana gumurzu, abin da dodon zai zubar bai wuce kaya biyu ko uku ba. Wa za a ba?

Tun a 1999 wata ƙungiyar masu buga EverQuest ta ƙirƙiro tsarin da ake kira DKP. Kusan adashe ne: duk fitar da ka halarta a rubuta maka maki, ranar da kayan da ka ke so su ka faɗo ka biya da makin ka. Tsohon hannu ya ji daɗi, sabon shiga kuwa sai dai ya yi ta jira. Wasu su ka gwammace ƙuri'a: kowa ya jefa, lamba ta fito tsakanin 1 da 100, mai babba ya ɗauka. Nan kuma wanda ya zo yau na iya yin gaba da takobin da wani ya yi wata uku ya na nema, a ce masa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wasu kuma shugaba su ke damƙa wa rabon, wani sa'in ya sunkuce komai ya ɓace. Irin wannan shi ake kira ninja.

Blizzard kan sa ya sha juyi. A 2018 ya soke rabon shugaba, ya bar kwamfuta ta ba kowa na sa. Gardama ta ragu, amma aka yi ƙorafin kaya na faɗawa hannun wanda ba ya buƙata. A 2022 ya maido da ƙuri'ar runduna a manyan yaƙe-yaƙen.

Batun wahala kuma ya ƙara dagula lissafin. Yaƙi ɗaya na da matakai huɗu, kuma kaya mafi kyau na mataki mafi tsanani. Matsalar ita ce manyan runduna ba su ɗaukar wanda bai da kaya masu kyau, shi kuma bai samun kayan sai ya shiga rundunar.

Ɗan arewacin Zamfara na da ƙarin matakin wahala da kamfani bai rubuta ba: sabis, data da caji. Sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar, kafin ya dawo an gama rabo. A Satumba 2021 ma hukumar NCC ta sa an rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni ba gem, ba kira. A yankin da aka san ɗacin kwasar ganima ta gaske, ba wanda zai kai kukan gem gaba, amma duk ladar shiga kullum ta waɗannan ranaku ta wuce su.

Kamfanonin sun san wannan ƙishi, shi ya sa su ke sayar da akwatin sa'a: ka biya kuɗi, ba ka san me zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne. Mai tara kuɗin data da ƙyar ya kamata ya ji wannan da kyau.

Abin da shekaru fiye da ashirin su ka nuna shi ne babu tsarin da ya gamsar da kowa. Runduna mai ɗorewa ita ce wadda ta yi magana kafin a fita: mai iya harbin nesa ya ɗauki AWM, wanda ya samu jiya ya haƙura yau, wanda sabis ya yasar a ajiye masa. In kuwa kowa ya ce wawaso zai yi, to gobe ya nemi wasu mutum ukun da za su tayar da shi in ya faɗi.