Super Bowl: Yadda ake zaɓen birnin da zai karɓi baƙuncin wasan

Masu ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ne ke kaɗa ƙuri'ar zaɓen birnin da zai karɓi baƙuncin Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. A da birane kan yi takara, amma tun 2018 hukumar gasar ce ke ware birni ɗaya, su daidaita, sannan masu ƙungiyoyin su amince.

Daga cikin sharuɗɗan akwai fili mai ɗaukar mutum kusan 70,000, da wadatattun otal-otal, da yanayi mai ɗumi ko fili mai rufi, domin a watan Fabrairu ake wasan, lokacin hunturu. Shi ya sa Miami da New Orleans suka fi kowane birni karɓarsa.

Sai dai baƙon yana da tsada. A 2014 jaridar Star Tribune ta bankaɗo kundin buƙatun NFL mai shafi 153, wanda ya haɗa da rakiyar 'yan sanda kyauta ga masu ƙungiyoyi da yafe haraji kan tikiti. Wani ɓangare na wannan nauyi kan masu biyan haraji yake sauka.

Siyasa ma na taka rawa. A 1990 masu zaɓe a jihar Arizona suka ƙi amincewa da ranar hutu don karrama Martin Luther King, sai NFL ta ɗauke wasan 1993 zuwa Pasadena a jihar California. Da suka amince a 1992, aka ba jihar wasan 1996.