Cibiyar Sauraron Mata a Arewacin Kamaru

Cibiyar sauraron mata, irin wadda ake samu a Garwa da Marwa, yawanci ƙaramin gida ce: ɗakin ganawa, da rumfar kekunan ɗinki. Rumfar tana da amfani biyu, domin matar da mijinta ba zai bar ta ta kai ƙara ba yakan bar ta ta je koyon sana'a.

Mace kan shigo da goyo, ta ce ɗinki ta zo tambaya. Sai an gaisa, an ba ta ruwa, an turo ƙofa, sannan ta zame mayafi ta nuna shatin duka a kafaɗa. Da Fulatanci ko Hausa ake maganar, da Faransanci ake rubuta ta. In akwai rauni, asibiti ake fara zuwa a karɓo takardar likita, don ita jandarma da alƙali za su nema.

Akasarin matan ba kotu suke so ba. So suke dukan ya tsaya, 'ya'yansu kuma su zauna a hannunsu. Shi ya sa ma'aikatan ke yawan zarya gidan jauro, lawan da liman. Sulhu yana da sauri, amma sau da yawa da "ki yi haƙuri" yake ƙarewa, a mayar da ita ɗakin da ta gudo. Cibiyar da ta san aikinta takan sa mijin ya yi alkawari gaban shaidu, ta kuma riƙa leƙa gidan.

Doka ta ƙara wa irin waɗannan cibiyoyi ƙarfi a 2016, lokacin da sabon kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan auren dole, ya kuma hana mai fyaɗe kuɓuta ta hanyar auren wadda ya yi wa.

Aikin ya girmi dokar. A 1996 Aïssa Doumara, wadda aka aurar tana 'yar shekara 15, tana cikin waɗanda suka buɗe reshen ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, a Marwa. A 2019 ta karɓi lambar yabo ta Simone Veil a Faransa. Wata mai irin wannan aikin, Marthe Wandou, ta kafa ƙungiyar ALDEPA a 1998. Rikicin Boko Haram ya ƙaro wa ƙungiyoyin zawarawa da 'yan gudun hijira.

Matar da ta ƙi komawa gidan mijinta kuwa, abin yi take buƙata. Ana koya mata ɗinki ko matsar man gyaɗa, a sa ta cikin adashi har ta iya biyan kuɗin haya.