Muryoyin Dattawan Gaya da Ajingi da Iyakar Katin Sauti

Tarihin baka na ƙasar Kano ya nuna cewa maƙeran da ake kira Abagayawa daga Gaya suka taso, suka sauka a gindin dutsen Dala wajen neman tama. Wannan labari, da ire-irensa na kafuwar garuruwa da unguwanni a Gaya da maƙwabciyarta Ajingi, galibinsu har yau a bakin dattawa suke. Shi ya sa ɗalibanmu na Hausa kan bi hanyar Wudil zuwa can, ɗauke da kwamfuta ko wayar salula, domin ɗauko hira. Abin da ke damuna a matsayina na malamin kimiyyar harshe shi ne, mafi yawan muryoyin da ake dawo mana da su sun isa a rubuta labarin da aka faɗa, amma ba su isa a yi nazarin yadda aka furta shi ba. Dattijon kuwa ba lallai ne a same shi baɗi ba.

Tushen matsalar wata ƴar ƙaramar na'ura ce a cikin kwamfuta da ake kira katin sauti, wadda ke mayar da murya lambobi. Iyakarta biyu ce, kuma ya kamata duk mai ɗaukar murya a gida ya san su.

Ta farko ita ce yawan awon da katin ke yi wa sauti a kowane sakan. Ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda Shannon ya bayyana a 1949, ta nuna cewa na'ura ba ta iya riƙe sautin da kaɗawarsa ta wuce rabin yawan awonta. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa har kusan 20,000 a sakan, shi ya sa faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ke amfani da awo 44,100. Layin tarho na gargajiya kuwa awo 8,000 yake yi, wato duk abin da ya haura kaɗawa 4,000 ya tafi ke nan.

To, ina ruwan Hausa da wannan? Karin sauti, wanda ke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, yana ƙasa-ƙasa, domin muryar namiji ba ta cika wuce kaɗawa 200 ba, saboda haka yakan tsira ko a mummunan ɗauka. Baƙaƙe su ne ke shan wahala. A duba sara da shara da tsara. Mafi yawan ƙarfin zuzau na "s" a saman 4,000 yake, kuma ƴar fashewar da ke bayyana tunzurau irin "ts" da "ƙ" gajeruwa ce ƙwarai. Bahaushe mai sauraro ba zai lura an yanke komai ba, domin ƙwaƙwalwarsa kan cike giɓin daga ma'anar jimla. Amma manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam suka ƙirƙira, kuma da ita muke auna furuci, ba ta san ma'anar jimla ba. Abin da aka ba ta shi take nunawa. Yankin Gaya da Ajingi kuwa yana bakin iyakar Jigawa ne, tsakanin Kananci da karuruwan harshe na gabas, ga kuma rugagen Fulani. A irin wannan wuri ƙananan bambance-bambancen furuci su ne abin nema.

Iyaka ta biyu ita ce yawan matakan da ake auna ƙarfin sauti da su, wanda ake ƙirgawa da bit. Bit 16 na ba da matakai 65,536, tazarar kimanin desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Bit 24 na ba da matakai fiye da miliyan 16, desibel 144 a lissafi. Amfanin wannan a fagen hira a fili yake. Tsoho yakan yi magana a hankali, sa'an nan ba zato ya fashe da dariya ko ya ɗaga murya da kirarin maƙera. Idan ka ƙure ma'aunin ɗauka domin ka ji shi sosai, kirarin zai buge rufi ya tsage, kuma tsagaggen sauti ba ya ɗinkuwa. Idan ka sassauta ma'aunin, kowane desibel 6 da ka bari bit guda ka sadaukar. Mai bit 24 yana da rarar da zai yi haka hankali kwance.

Sai dai a nan ne ƴan kasuwa ke cin kasuwarsu. Za ka ga kwali an rubuta bit 24 da awo 192,000, ka ɗauka ka gama sayayya. Hasali ma, ko na'urorin manyan ɗakunan ɗaukar sauti ba su cika wuce desibel 120 ba. Katin da aka haɗa a jikin ƙaramar kwamfuta kuwa yana zaune ne kusa da fanka da wayoyin wuta, kuma yana da nasa shuu. Idan shuu ɗin nan yana desibel 72 a ƙarƙashin ƙololuwa, to bit 12 kawai kake mora, sauran hayaniya suke ƙirgawa. Bugu da ƙari, manhaja irin Audacity za ta bar ka ka zaɓi awo 96,000 ko da katin bai wuce 48,000 ba. Sai ta cike tsakani da lissafi, fayil ya ninka girma, murya ba ta ƙaru da komai ba. Gane wannan ba wuya: a buɗe hoton sautin, idan sama da 24,000 fayau yake, to lambar ado ce.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida. Wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma gurnaninta kan shiga ta cajar kwamfuta, musamman a kan janareta, ya haifar da ƴaƴa a 100 da 150. Nan ne daidai mazaunin muryar dattijo, inda muke auna karin sauti. Cire caja a yi aiki da batir ya fi sayen kati mai manyan lambobi amfani, haka nan matso da makirfo kusa da baki, da shiga ɗakin ƙasa a rufe ƙofa maimakon zama a zauren da ke bakin titi.

Ƙungiyar taskokin adana sauti ta duniya, IASA, a ƙa'idojinta na 2009, ta ajiye awo 48,000 da bit 24 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a adana, cikin fayil na WAV wanda ba a matse ba, ta kuma fifita 96,000. A ganina, ga hirar baka, mafi ƙarancin nan ya wadatar, muddin na gaske ne. Hirar awa guda da makirfo ɗaya a wannan ma'auni megabayit 518 take ci, wanda ba komai ba ne ga ma'ajiyar yau. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne saƙon murya na WhatsApp, ko fayil na MP3 da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, domin matsewa zubar da wani sashe na sautin take yi, kuma mayar da shi WAV daga baya ba ya dawo da abin da aka zubar.

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin harsuna da na tarihi a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da su tanadi ƴan rikodoji na hannu ko katunan sauti na USB waɗanda za a riƙa ba ɗalibai aro. A kuma sa sharaɗi cewa duk mai zuwa Gaya ko Ajingi ya fara ɗaukar gwaji na minti biyu, malaminsa ya duba hoton sautin kafin ya hau mota, sa'an nan ya miƙa fayil na asali tare da kundinsa, a rubuce da sunan gari da ranar ɗauka da irin na'urar da aka yi aiki da ita.