Rarraba Taurarin Labarai Zuwa Gidajen Hogwarts: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan kuka ji matasa masu karance-karance suna musu, wannan na cewa wane ɗan Slytherin ne, wancan na rantsuwa ɗan Gryffindor ne, to ba ƙungiyoyin ƙwallo suke nufi ba. Wasa ne da ya samo asali daga littattafan Harry Potter na marubuciyar nan ta Birtaniya, J.K. Rowling. Na farko ya fito a 1997, na bakwai kuma na ƙarshe a 2007, sannan aka yi musu finafinai takwas daga 2001 zuwa 2011. Labarin ƙirƙira ne tsantsa, a kan wata makarantar kwana ta koyon sihiri mai suna Hogwarts, inda yara ke shiga suna da shekara 11.

Duk wanda ya yi sakandaren kwana a Najeriya ya san tsarin raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da launinsa, ana kuma gasar wasanni a tsakaninsu. Daga makarantun Ingila muka gaje shi, kuma daga can ɗin Rowling ta ɗauko nata. Sai dai a makarantunmu yawanci malami ne ke duba rajista ya ce kai ga gidanka. A Hogwarts kuwa wata tsohuwar malafa ce mai tsini, mai magana, ake kifa wa yaro a ka a daren zuwansa. Ta leƙa zuciyarsa, sannan ta yi shelar gidansa a gaban kowa.

Gidajen huɗu ne, kowanne da sunan ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka kafa makarantar. Gryffindor na jarumai ne masu ƙarfin hali, tambarinsa zaki, launinsa ja da ruwan zinariya. Ravenclaw na masu kaifin basira da son ilimi, tambarinsa mikiya. Slytherin, mai maciji da launin kore, shi ke kwasar masu dogon buri da wayo da iya lallaɓa al'amura har su cim ma abin da suke so. Hufflepuff kuma na masu amana ne, masu haƙuri da aiki tuƙuru da adalci, tambarinsa wata dabba mai kama da dage.

Da labarin ya karɓu, sai masu karatu suka ɗauke malafar suka fita da ita daga makarantar. Aka fara tambayar wane gida taurarin wasu littattafai da finafinai za su faɗa in da an kifa musu ita. Aka kuma shiga gwada kai, musamman bayan da shafin Pottermore, wanda aka sanar da shi a 2011, ya fito da jerin tambayoyin da ke gaya wa mutum gidansa.

A nan ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe. Yana ɗauka cewa abin da za a duba shi ne halin da ya fi fitowa fili, wato mai ƙwaƙwalwa ya tafi Ravenclaw, mai faɗa ya tafi Gryffindor, shi ke nan. Littattafan da kansu sun ƙaryata wannan. Hermione Granger ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, malafar ma ta yi tunanin kai ta Ravenclaw, amma Gryffindor ta faɗa, domin duk iliminta tana ganin tsayawa kan gaskiya da abokai ya fi shi daraja. Neville Longbottom yaro ne mai rawar jiki da mantuwa, wanda kowa ke mamakin abin da ya kai shi gidan jarumai, sai a littafi na bakwai ya tsaya ƙyam a gaban Voldemort, babban mugun labarin, ya zaro takobin Gryffindor daga cikin malafar ya sare macijin mugun. Shi kansa Harry, malafar ta ga zai yi fice a Slytherin, shi ne ya roƙe ta kada ta kai shi can, ta kuwa saurare shi. Ke nan abin da ake aunawa shi ne abin da mutum ya fi ɗauka da muhimmanci, da kuma wanda zai zaɓa ranar da aka ƙure shi. Baiwar da aka haife shi da ita tana biyo baya ne.

Mu gwada da Okonkwo na littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, tunda da yawanmu mun karanta shi a makaranta. Da jin sunansa za a ce Gryffindor: ɗan kokawar da ya kayar da Amalinze yana da shekara 18, mayaƙi, wanda ba ya ja da baya. To amma me ke tura shi? Tsoron kada a ce ya yi gadon mahaifinsa Unoka, malalaci mai tarin bashi, da kuma yunwar muƙamai da suna a garinsu Umuofia. Ranar da aka ƙure shi, ya sa adda ya sare Ikemefuna, yaron da ke kiransa baba, don kawai kada a ce shi rago ne. A ganina wannan mai tsaron sunansa ne, kuma Slytherin ta fi kusa da shi, ko da yake ba shi da wayon 'yan gidan ko kaɗan. Wani zai ce ai jarumtaka marar linzami ita ce ainihin cutar Gryffindor, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Obierika, abokin Okonkwo, ya fi sauƙi. Mutum ne mai zurfin tunani, amma abin da ba a mantawa da shi a kansa shi ne yadda ya riƙa sayar wa Okonkwo doyarsa yana kai masa kuɗin har Mbanta lokacin da aka kore shi na shekara bakwai. Hufflepuff ke nan.

Gizo na tatsuniya ba ya buƙatar dogon nazari, malafar ba za ta gama sauka a kansa ba za ta ce Slytherin. Wanda zai ba ta wahala shi ne akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Sani da fasahar zance suna jan sa zuwa Ravenclaw. Dabarar da ya yi ta riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarko, wannan aikin ɗan Slytherin ne. Amma don wa ya yi? Don cika amanar sarki, halin Hufflepuff. Gida uku ke nan kowanne da hujjarsa. A duniyar labarin, wanda malafar ta wuce minti biyar tana shawara a kansa akwai sunan da ake kiransa da shi na musamman, kuma Rowling ta ce Farfesa McGonagall, malama a makarantar, na cikin irinsu. Akun ma nan zai shiga.

Tsarin yana da nakasu, kuma babba shi ne yadda aka yi wa Slytherin. Voldemort ɗan gidan ne, haka Draco Malfoy da galibin mugayen labarin, har mai karatu ya saba da ganin kore ya ce mugu. Wannan ya sa masu wasan ke tura duk wani azzalumin labari can ba tare da tunani ba. Alhali Peter Pettigrew, wanda ya ci amanar iyayen Harry ya bashe su ga makashinsu, ɗan Gryffindor ne. Severus Snape kuwa, ɗan Slytherin, ya shafe shekaru yana leƙen asiri da ransa a hannu, har shugaban makarantar, Dumbledore, ya nuna cewa wataƙila ana gaggawar raba yaran. Gaskiyarsa ce. Yanke wa ɗan shekara 11 hukuncin halinsa, a haɗa shi kwana da ci da masu irin wannan hali na shekara bakwai, hanya ce ta mayar da shi abin da aka ce shi ne. Gado ma yana shiga ciki: 'yan gidan Weasley kaf Gryffindor suke. Amma Sirius Black ya fito daga zuri'ar 'yan Slytherin ya faɗa Gryffindor, tagwayen nan Parvati da Padma Patil kuma aka raba su gida biyu.

Hufflepuff ita ma an daɗe ana yi mata kallon gidan ragowa, inda ake zuba wanda bai yi fice a komai ba, duk da cewa daga cikinta Cedric Diggory ya fito, wanda aka zaɓa ya wakilci makarantar a babbar gasar littafi na huɗu. Darajarta ta ɗan ɗagu a 2016, da fim ɗin Fantastic Beasts ya zo da jarumi ɗan gidan, Newt Scamander.

Kada dai a ɗauki abin a matsayin awon ilimin halayyar ɗan Adam. Marubuciya ce ta tsara shi don labarinta ya yi armashi, kuma mai amsa tambayoyin intanet yakan gane amsar da za ta kai shi gidan da yake so tun kafin ya danna. Inda wasan ke da amfani shi ne wajen karatu. Ba za ka iya kare ra'ayinka a kan gidan Okonkwo ba sai ka koma littafin ka nemo abin da ya aikata da dalilin da ya sa, domin abokin musunka ma da nasa shafin zai zo.