Ƙaramar Mota da Ɗakin Ja: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da zarar lokacin zafi ya shigo a Turai da Amurka, sai hanyoyi su cika da motoci masu jan ɗaki a baya. Ɗan ɗaki ne mai taya biyu ko huɗu, da gado da murhun gas da tankin ruwa a ciki, iyali su ɗaura shi a gindin mota su tafi hutu bakin teku. Hotunansu na isowa wayoyinmu, kuma kusan kullum sai gardama ta biyo baya. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, ƙaramar mota ba ta iya wannan aiki. Wasu su ce wannan ai wasa ne, tunda an ga mota ta ja jirgin sama. Duka ɓangarorin sun kauce, sai dai kuskuren na biyun ne ke kai mutum asibiti.

Maganar ta shafi 'yan uwanmu mazauna Ingila da Jamus da Kanada da ke sha'awar sayen irin wannan ɗaki. Ta kuma shafi na gida, domin motocin Beljiyam da dama, su Golf da Sharan da Opel, suna sauka daga Kwatano da ƙugiyarsu a ƙarƙashin but, wani ya gani ya fara tunanin ɗaura mata janareto ko tankin ruwa.

Mu fara da jirgin saman. Gaskiya ne, ba haɗi ba ne. A 2006 wata jif ƙirar Volkswagen Touareg ta ja Boeing 747 mai nauyin tan 155 a wani filin jirgi a Ingila. A watan Oktoba na 2012 a-kori-kura ƙirar Toyota Tundra ta ja kumbon Endeavour ta ƙetare da shi wata gada a birnin Los Anjeles. To amma a 2009 wani limamin coci ɗan Kanada, Kevin Fast, ya ja jirgin soja mai fiye da tan 188 da ƙarfin jikinsa, ba inji ba man fetur. Abin da ke kan taya, a shimfiɗaɗɗen fili, ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya motsa. Duk waɗannan nune-nunen an yi su ne a gudun mai tafiya da ƙafa, ba kwana, ba gangara, ba tirela mai wucewa ta gefe. Ka tambayi ɗan garuwa: kura cike da jarkoki ba ta ba shi wahala a miƙaƙƙen titi, amma in ya zo gangara ita ke jansa. Aikin motar da ke jan ɗaki shi ne ta tsayar da shi, ta riƙe shi a kan layi tana gudun kilomita 80. Talla ba ta nuna wannan.

Masu cewa ƙaramar mota ba ta iyawa sam, su ma tarihi ya ƙaryata su. A tsohuwar Jamus ta Gabas, motar talakawa ita ce Trabant, mai ƙarfin doki 26 kacal, kuma da ita iyalai suka riƙa jan wani ɗan ɗaki mai suna QEK Junior da bai wuce rabin tan ba. Har gobe a Holan da Jamus da Ingila, mafi yawan masu jan ɗaki motocin gida suke amfani da su. Ba sai kana da a-kori-kura ba. Sharaɗin dai ɗakin ya dace da motar.

A nan ne wani zance ke shigowa, wai kamfanoni na ɓoye wa Amurkawa ainihin ƙarfin ƙananan motoci don su sayar musu da manya. Hujjar masu faɗin haka tana da ƙamshin gaskiya. Honda CR-V da aka daɗe ana sayarwa a Amurka an ƙayyade mata kusan kilo 680, alhali a Turai an yi mai injin dizal da aka yarje wa kilo 2,000. Lambobin daidai suke, fassarar ce ta karkace. Injin ba iri ɗaya ba ne, tuƙin ma ba iri ɗaya ba ne. A Jamus mai jan ɗaki ba ya wuce kilomita 80 a awa, sai in ya sami izini na musamman ya kai 100. A Ingila iyakarsa mil 60 a babban titi, mil 50 a ƙaramin titi. A jihohin Amurka da yawa kuwa yana gudu kafaɗa da kafaɗa da sauran motoci. Mai gudu da sauri dole ya ƙara nauyin da ke danne ƙugiya don ɗakin ya natsu, shi ya sa Amurkawa ke sa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin a kan ƙugiya, Turawa kuma kashi 5 zuwa 7. Gindin ƙaramar mota ba ya ɗaukar irin lodin Amurkawa. Wanda ya ɗauki lambar Turai ya yi gudun Amurka da ita, ya haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Lambar da ta shafi motarka tana jikinta. A motocin Turai akwai ɗan allo na ƙarfe ko sitika, a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofar direba, mai layi huɗu na kilo. Layin farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Na biyu iyakar nauyin mota da abin da take ja a haɗe. Na uku da na huɗu na tayoyin gaba da na baya ne. A ce na farko 1,900, na biyu 3,300: bambancin, wato 1,400, shi ne abin da za ta ja in tana cike. In layi na biyu babu komai a kansa, kamfanin bai yarda a ja komai da motar ba, ko da wani ya riga ya ɗaura mata ƙugiya.

Ko wannan 1,400 ɗin ma da sharaɗi: sai ɗakin yana da birkin kansa. Mara birki ba ya wuce kilo 750 a dokar Turai, a Ingila kuma kada ya wuce rabin nauyin motar tana fanko. Mota mai kilo 1,300 ke nan 650 ne rabonta. Masu cewa birkin mota ya isa su biyun suna magana ne kan abin da ba su gwada a gangara ba. Ɗakunan Turai suna da wata dabara a wuyansu: in mota ta rage gudu ɗakin ya tura ta, ƙarfen wuyan zai shige ciki ya ja birkin da kansa. Na Amurka galibi birkin lantarki ne, sai an saka wa motar wata 'yar na'ura kusa da sitiyari kafin ya yi aiki. In babu na'urar, birkin na nan amma barci yake yi.

Ƙungiyoyin masu ɗakin ja na Birtaniya suna ba sabon shiga shawarar kada ɗakin, da kayansa, ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar tana fanko. Wasu na yaɗa cewa doka ce. Ba doka ba ce, shawara ce, amma ni ban ga dalilin da sabon direba zai raina ta ba. Ga motar can mai kilo 1,300, lissafin ya tsaya a 1,105, ko da allon ya ce 1,400.

Akwai wata lamba da ta fi cin mutane, ba a cika maganarta ba: abin da motar kanta ke iya ɗauka. A ce kilo 450 ne. Manya huɗu sun shiga, kilo 300 sun tafi. Kaya a but, 80. Nauyin da wuyan ɗakin ke dannawa a kan ƙugiya, 75, shi ma a kan motar yake, ba a kan ɗakin ba. An kai 455 tun ba a ɗora kular abinci ba. Ƙananan motoci ta nan suke fara gazawa, tun injin bai ce komai ba.

Haka nauyin da dillali ke faɗa. Ba ƙarya ya yi ba, nauyin ɗakin ne fanko ya faɗa. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ga tukunyar gas, ga batir, ga rumfa da kujeru da tukwane da buhun shinkafar da uwargida ta ce ba a tafiya ba shi. A jikin ɗakin ma akwai allo mai nuna iyakar nauyinsa da kaya, da wannan ake lissafi.

Yanzu ga zancen da ya fi kowanne haɗari. Direba ya ɗaura ɗaki, ya ga gindin motarsa ya zauna, sai wani ya ce ya mayar da kayan can ƙarshen ɗakin don gindin ya ɗago. Zai ɗago kuwa, amma an saye matsala mafi girma. Nauyi a bayan taya shi ke sa ɗaki kaɗa wutsiya. Iska ta buge shi ko babbar mota ta wuce, ya karkata hagu, ya dawo dama fiye da yadda ya tafi, ya sake komawa hagu fiye da haka, yana fizgar gindin motar a kowane zuwa. Cikin daƙiƙa kaɗan an wuntsila. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, daidai kan tayoyi ko ɗan gaba kaɗan; kamfanonin hayar tirela a Amurka kan ce kashi 60 a gaban taya, 40 a baya. Auna nauyin wuyan ba wuya: sikelin da ake auna mutum, da guntun katako a tsaye daidai tsayin ƙugiya, a sauke wuyan a kai a karanta. A gwada da abin da aka rubuta a jikin ƙugiyar.

In kaɗawar ta riga ta fara fa? Ana yawan cewa a taka totur, gudu zai miƙar da ɗakin. Ƙarya ce. Gudu ne ya jawo ta, ƙarin gudu ƙara ta yake yi, kuma ƙaramar mota mai jan tan guda ba ta da sauran ƙarfin fizga. Danna birki da ƙarfi ma ɓarna ne, haka nan kokawa da sitiyari. Direba ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ya bar gudun ya mutu a hankali. Mai birkin lantarki yana iya matsa na ɗakin kaɗai da hannu. Da an natsu a faka, a sake shirin kaya.

Sai ƙugiyar kanta, kuma wannan ya fi shafar mu na gida, inda motar Turai da tirelar Amurka kan haɗu a gareji ɗaya. Ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne. Na Amurka kala uku ne, mafi yawa inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai kusan 47.6. A ido duk ɗaya suke. Bakin tirela mai 50 zai zauna a kan ƙwallo mai 47.6 ya kulle kamar ba matsala, sai ranar da aka faɗa rami ya tsalle. Girman yana rubuce a kan ƙwallon, a goge tsatsa a duba. Ƙugiyar da mai walda ya liƙa a jikin bamba kuwa ba ƙugiya ba ce, ta gaskiya da shasi ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada. Zoben nan da ake ɗaura igiya in mota ta mutu, shi ma ba na wannan aiki ba ne.

Direbobinmu sun saba ƙara sifirin don mota ta ɗauki lodi, Amurkawa kuma suna da wasu sanduna da ke raba nauyin wuya zuwa tayoyin gaba. Duka biyun suna gyara tsayuwar mota. Babu wanda ke ƙara girman birki ko ƙwarin shasi, lambar allo kuma tana nan yadda take. Ƙananan motoci da yawa ma littafinsu ya hana sandunan.

Cewa otomatik ba ta ja, tsohon zance ne. Tana ja, har ta fi manuwal sauƙin tashi a kan tudu, inda kuloci ke ƙonewa. Abokin gabanta zafi ne. Shi ya sa gwajin jan kaya da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara a Amurka, mai lamba J2807, ya ƙunshi hawan kusan kilomita 18 daga wajen madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne. Toyota ta fara bin sa a 2011, sauran manyan kamfanonin suka biyo a motocin 2015. Wanda ya san Afrilun Sakkwato ko Yamai ya san 38 ba wani abin faɗa ba ne, ga shi motocinmu sun riga sun sha shekaru kafin su iso. Tudu ma yana cin nasa: injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 1,000 na tsayi, kuma Jos ta haura mita 1,000. A gangara a sauko da giya, a bar injin ya riƙe motar.

Sauran zantukan ba sa buƙatar dogon bayani. Motar lantarki tana ja in kamfaninta ya yarda, amma nisan da caji ɗaya ke kai ta kan ragu da kusan rabi, domin ɗaki bango ne a gaban iska. Gaskiya ne tun Disamban 2021 aka soke jarrabawar jan tirela a Ingila, mai lasin mota na iya jan har kilo 3,500. Wannan izinin direba ne, motar tana nan da iyakarta. Zama a cikin ɗakin ana tafiya haramun ne a Birtaniya, kuma ko a jihohin Amurka da suka ƙyale, babu bel a ciki, bangon kuma siriri ne. Tayar ɗaki tana iya mutuwa da zanenta sabo fil, saboda ta fi daɗewa a tsaye cikin rana. Lamba huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Shawarar masu harkar a Birtaniya ita ce a canja a shekara biyar, kada ta wuce bakwai.

Mai niyyar saye, kada ka tsaya ga bakin dillali ko na abokin da ya ce tasa motar tana ja lafiya lau. Ɗauki hoton allon motarka da na ɗakin, ka yi lissafin kafin ka ba da kafin alƙalami. In ka saya, ka loda shi kamar ranar tafiya, iyali su shiga mota, ka kai shi sikelin manyan motoci a auna.