Kejin Ƙarfe A Mota: A Yanka Dashbod, Kada A Lanƙwasa Ƙarfe

Tun ranar 12 ga Disamba, 1991 da Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Ikko ta koma Abuja, direbobi suka shaida abu guda game da sabon birnin, wato hanyoyinsa. Ga faɗi, ga miƙewa, ga kwalta sumul. Wanda ya saba da cunkoson Oshodi ko na Apapa, in ya hau irin wannan titi, sai ƙafa ta yi masa nauyi a kan totur. Da haka wasan gudu da juya mota ya sami gindin zama a wurin waɗansu samarin birnin, har wasunsu suka fara kai motoci unguwar makanikai ta Apo domin a ɗaura musu kejin ƙarfe.

Shi wannan keji bututu ne na ƙarfe da ake haɗawa a cikin mota, ya kewaye direba da na kusa da shi. Amfaninsa shi ne, in mota ta wuntsila, rufinta ba zai burma ya danne mutanen ciki ba. Abin ba sabo ba ne a tseren motoci. A 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna, irin wannan mota ce ta ci tseren Safari a ƙasar Kenya, a hannun Ove Andersson mutumin Suwidin. A ido dai kamar 504 ɗin tasha take, amma a ciki akwai ƙarfen kariya.

Ƙungiyar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta yanka wa wannan aiki ƙa'ida. Manyan ƙafafun kejin sai da bututu marar ɗinki, mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko kuwa faɗin 50 da kaurin 2. Kowace ƙafa za ta zauna a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 a ƙalla, don kada ta huda ƙasan motar ranar da aka faɗi. Fayif ɗin ruwa da ake saye a kasuwar kayan gini ba ya wannan aiki. Yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ba don ɗaukar duka aka yi shi ba.

To, wurin da aikin ya fi ba da wuya shi ne gaban mota. Ƙafafu biyu na gaba dole su bi jikin ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba, su sauka har ƙasa. A kan hanyarsu kuwa dashbod ne ya tare. Mai mota yana ƙyashin a taɓa masa dashbod, makaniki kuma yana tsoron ɓata kayan mutane. Sai a shirya a lanƙwasa bututun ya kewayo ta gaban dashbod, kusa da gwiwar direba. A nan ne ake yin kuskuren da ke cin rai. Duk inda aka ƙara wa ƙarfe lanƙwasa, nan zai fara durƙushewa in nauyin mota ya hau shi. Ga shi kuma ya tsaya daidai ƙafar mutum, ya rage masa ƙofar fita. Dashbod shi ya kamata ya ba ƙarfe hanya.

Amma fa huda dashbod sai da lura, domin hawa uku ne. A sama akwai fatar roba mai laushi, a tsakiya soso, a ƙasa kuma roba mai tauri. Wanda ya ɗora zarto kai tsaye, haƙoran za su kama fatar su yage ta, su kwashe soson, a bar rami mai baki kamar ɓera ya ci. Ranar Abuja kuwa, musamman a watan Maris, takan busar da fatar tsohuwar mota, ta yadda ƙaramar tsaga za ta yi ta tafiya har ta kai tsakiya.

Gwanayen aikin sukan fara da cire kan batir, su jira na ɗan lokaci. Dalili kuwa shi ne yawancin motocin tokumbo suna da jakar iska a ɓoye cikin dashbod, a gefen fasinja, wadda in ta tashi a fuskar mutum ba ƙaramin rauni za ta yi masa ba. Wayoyinta galibi masu ruwan ɗorawa ne, ba a yanka su. Daga nan sai a kwance dashbod ɗin ɗungurungum a fitar da shi waje, a gama walda tukuna, gama tartsatsi ɗaya ya isa ya cinna wa soso wuta.

Bayan an kafa keji, sai a ɗauko kwali a yanka shi daidai da kusurwar dashbod, a gwada a jikin bututu, a rage, a sake gwadawa, har ya zauna. In an ɓata kwali, asarar ba ta kai ta ƙwandala ba. A nan ne ake gane cewa ramin ba zai zama da'ira sosai ba. Tun da a karkace bututun yake ratsawa, sai ramin ya fito da siffar ƙwai.

Sa'an nan a manna tef ɗin takarda a wurin, a zana siffar a kansa, a bi zanen da sabuwar reza a yanka fata da soso a hankali. Masu amfani da zarton da'ira na injin huji sukan fara juya shi da baya, don haƙoran su shata fatar ba tare da sun fizge ta ba, kana su juya shi gaba a kan roba mai tauri. Kullum ana yin ramin ƙarami, a bi shi da magagari ko sanfefa har bututu ya shiga, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Tun da an riga an yi wa kejin walda, sai an tsaga hanya daga ramin zuwa gefen dashbod, ta inda ƙofa za ta rufe tsagar. A ƙarshe a bar ɗan sarari don kada roba ta riƙa gogar ƙarfe tana ƙara, a kewaye bakin da robar datsi. Kafin duk wannan, a leƙa baya a ga inda wayoyi da bututun iska suka bi.

Akwai gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Kudu, waɗanda kan sayi mota a Ikko su hau da ita gida lokacin Salla, ko su aika wa yaro. Keji ba ado ba ne. An yi shi ne domin mutumin da ya sa hular kwano, aka ɗaure shi tamau a kujerar tsere da bel mai madauri da yawa, aka kuma naɗe bututun da ke kusa da kansa da soso na musamman. A motar da ake ɗaukar iyali, inda kowa kansa a buɗe yake, ƙaramin karo ya isa ya haɗa goshin mutum da ƙarfe. Abin da aka sa don tsira sai ya zama shi ne ajali.

Haka nan keji ba ya kare mai tafiya a ƙasa, ko ɗan acaɓa, ko mai talla a bakin titi. Wurin tsere fili ne da aka killace, da izinin hukuma, da motar asibiti a tsaye. Titunan Abuja kuwa na kowa da kowa ne. Uban da ɗansa ya zo da maganar keji, ya kamata ya tambaye shi wane irin bututu za a sa, wane ne zai yi waldar, kuma a wane fili za a tuƙa motar. In amsa ba ta fito ba, to, a riƙe makulli tukuna. Rigakafi dai ya fi magani.