Lauyan neman diyya a Amurka: wane fanni ya kamata ɗalibi ya fara karantawa?

A Najeriya hanyar zama lauya a miƙe take: daga sakandare ɗalibi ya shiga tsangayar shari'a ya yi shekara biyar, sannan ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi. A Amurka kuwa ba a karɓar mutum karatun lauya sai da digirin farko a hannunsa, wanda yakan ci shekara huɗu, bayansa a ƙara shekara uku na karatun shari'a, sannan a zauna jarrabawar jihar da za a yi aiki a cikinta. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta ce ba ta fifita wani fanni a kan wani ga mai wannan niyya, don haka zaɓin ya rage wa yaro ɗan shekara 18. Kimiyyar siyasa ce aka fi tururuwa a kanta, wai ita ce maƙwabciyar shari'a. A ganina, wanda burinsa shi ne tsaya wa mutanen da aka ji wa rauni ya nema musu diyya, gara ya kashe shekarun nan huɗu a kan abin da makarantar lauya ba za ta koya masa ba, wato jikin ɗan Adam da lissafi.

Dalilin yana cikin aikin kansa. Tun a shekarar farko ake koya wa ɗalibin lauya dokar sakaci da rukunanta: akwai haƙƙin kulawa a wuyan wanda ake ƙara, ya saɓa, saɓawar ce ta jawo cutarwa, kuma an yi asara. Wannan kowa zai samu, ko me ya karanta a baya. Amma ranar da aka kawo masa direban da aka buga wa mota ta baya, abin da zai tarar a kan teburinsa tarin takardun asibiti ne, da hoton ƙashin baya, da rahoton likitan da kamfanin inshora ya ɗauko, yana cewa ai ciwon tsufa ne, tun kafin hatsarin yana nan. A kan wannan jimla guda shari'ar za ta tsaya ko ta faɗi. Kuma lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar kuɗin aiki sai an yi nasara, inda sukan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na diyyar. Kafin nan su ne ke biyan ƙwararru da kuɗin shigar da ƙara daga aljihunsu, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lauyan da bai iya duba fayil ya gane raunin da zai tsaya a gaban kotu ba, kuɗinsa zai zuba a banza.

Shari'ar Stella Liebeck da kamfanin McDonald's ta nuna haka ƙarara. A 1992, a garin Albuquerque na jihar New Mexico, wannan tsohuwa mai shekara 79 tana zaune cikin mota a tsaye, ta sa kofin kofi na kamfanin tsakanin gwiwoyinta za ta buɗe murfin, ya kife mata a cinya. Duniya ta yi ta mata dariya, ana cewa wa bai san kofi da zafi ba? Abin da ya juya shari'ar a 1994 hujjar likitanci ce da alƙaluma. An nuna cewa ana sayar da kofin da zafin da ya kai digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin salshiyos, wanda ke cinye fata har ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi, cewa ta kwana takwas a asibiti har aka yi mata dashen fata, kuma kamfanin ya riga ya samu koke fiye da 700 na ƙuna. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora mata kashi 20 cikin ɗari na laifin, suka kuma yanke wa kamfanin tarar dala miliyan 2.7, wadda alƙali ya rage zuwa dala 480,000, daga baya aka sasanta a asirce. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1993 a shari'ar Daubert, wanda ya ɗora wa alƙalan tarayya nauyin tace shaidar ƙwararru kafin a saurare ta. Tun daga nan, lauyan da ba ya iya kare hanyar da ƙwararrensa ya bi ya kai ga sakamako, yana iya rasa shaidar tun kafin a fara zama.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. Makarantun lauya sun fi duba abu biyu, matsakaicin makin digiri da sakamakon jarrabawar LSAT, wadda makinta ke tsakanin 120 da 180. Kwasa-kwasan kimiyya kuwa an san su da rowar maki, kuma ɗalibin da ya fito da rauni a ilmin halittu zai ga na kimiyyar siyasa ya sha gabansa. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce kowa ya afka wa kimiyya ko ba ya iyawa ba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta fi karkata ga tarihi ko falsafa ya tsaya a nan, tunda tsarin jami'o'in Amurka ya ba shi damar ɗaukar darussa daga wasu sassa. Darasi ɗaya a kan sassan jiki, ɗaya a kan ƙididdiga, ɗaya a kan lissafin kuɗi, ba za su rusa masa maki ba. Da na ƙarshen ne zai iya lissafa abin da magini ɗan shekara 30 ya rasa idan ba zai sake hawa tsani ba har abada.

Wasu kuma sukan ce ai likita da injiniya hayarsu ake yi, lauya baki da alƙalami kawai yake buƙata. Rubutu dai dole ne, domin yawancin ƙararrakin nan ba sa kaiwa gaban kotu, a takardar neman diyya da teburin sulhu ake gama su, kuma ɗalibin kimiyyar da ya guje wa darussan rubutu zai ji jiki. Sai dai ƙwararren da aka yi haya ba shi zai tashi ya yi wa likitan ɗaya ɓangaren tambayoyin ƙure ba. Lauya ne zai yi, shi kaɗai, kuma ba ya iya kama kuskuren da bai fahimta ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: da yawa daga cikin masu cewa za su zama lauyoyi suna canza shawara kafin su gama digiri. Wanda ya karanta aikin jinya ko akanta yana da sana'a a hannu ko ya fasa, abin da ba kowane fanni ke ba da shi ba. Don haka ɗalibin da zai iya riƙe makinsa a fannin lafiya, tattalin arziki ko injiniyanci, kada sunan kimiyyar siyasa ya ruɗe shi.